Yadda ake tsabtace filin da gubar dalma ta gurɓata kafin a gina gida a kai

Katsina ta faɗaɗa har ta haɗiye wuraren da a da suke bayan gari. Inda kanikawa suka yi shekaru suna zubar da baƙin mai, inda masu fasa batir suke narka dalma, inda 'yan gwangwan suke ƙona waya don ciro jan ƙarfe, duk yau an yanka su fuloti. Mai saye yana duba takarda da iyaka, ba ya tambayar abin da aka yi a wurin. Ita kuwa dalma ba ta ruɓewa. Wuta ba ta cinye ta, ruwan sama ba ya wanke ta, kuma zuba Izal ko toka ɓarnar kuɗi ce kawai.

Fara da tambayar tsofaffin unguwa. Mai unguwa da limami sun san inda aka tara batir da inda ake zubar da ruwansa. Ka zana filin a takarda, ka sa alama a waɗannan wuraren, sannan ka hana yara da kaji shiga tun daga ranar. Ko zana ka kewaye da ita ya wadatar.

Na biyu shi ne awo. A Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ma'aikata sun yi amfani da wata na'urar hannu mai suna XRF, wadda ake ɗora wa a ƙasa ta ba da sakamako nan take. Ba kowa ke samunta ba, don haka ka ɗebi samfur ka nemi ɗakin gwaji, ka fara tambaya a sashen kimiyyar sinadarai na jami'a. Raba filin gida huɗu ko shida. A kowane kashi ka ɗebi ƙasar sama daga wuri biyar da cokalin roba, ka haɗa a leda ɗaya, ka rubuta lamba. Kada ka haɗa ƙasar wurin narka dalma da ta sauran filin. Masu tsumulmular kuɗin gwaji suna yin haka, sai sakamako ya fito tsaka-tsaki, su ɗauka lafiya lau. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana amfani da miligiram 400 na dalma a kilo ɗaya na ƙasa a matsayin iyakar wurin zama, amma a 2024 ta rage shi zuwa miligiram 200. Idan naka ya haura haka, akwai aiki. Ka kuma ce a duba kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, shi ma yana biyo batir.

To ga inda kusan kowa ke faɗuwa: haƙa. Na ga wani maƙwabcinmu ya yi komai daidai har zuwa nan, sai ya ɗauko samari biyar da diga da shebur a tsakiyar hunturu. Ƙasa ta bushe ƙarau, iska na kaɗawa, ƙura ta tashi ta shiga gidaje uku, ta sauka a kan shanyar gero da randunan ruwa. Gubar da take kwance wuri ɗaya, shi da hannunsa ya rarraba wa unguwa. Hanyar da dalma ta fi shiga jikin yaro ita ce ƙura: yana rarrafe, ya taɓa, ya kai hannu baki.

Saboda haka ni ba na yarda a sa diga a ƙasa busasshiya. A yayyafa ruwa tun daren jiya, a ƙara da asuba, kuma a ware mutum ɗaya wanda ba shi da aiki sai yayyafi yayin da ake haƙa. Danshi ake so, ba taɓo ba. Idan ruwa ya fara gudu zuwa kwata, ka yi yawa, domin zai kwashi gubar ya kai gaba. Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen damina, ƙasa na da sauran laima, ruwan sama kuma ya ja baya. Kuɗin 'yan ga-ruwa ya fi sauƙi a lokacin ma.

A fara daga kusurwa mafi nisa a nufo ƙofa, don kada baro ya riƙa bi ta inda aka gama. A Zamfara galibi santimita biyar na sama aka kankare, saboda ƙurar dutse ce ta sauka a kai. Wurin batir daban ne, ruwan batir yana ratsawa ƙasa, don haka a ramin da ake zubar da shi sai an nutsa sosai, a sake ɗaukar samfur daga gindin ramin kafin a ce an gama. Duk shebur ɗin da aka ɗebo ya wuce cikin buhu kai tsaye, a ɗaure baki. Kada a tara tsibi a ce sai gobe.

Ma'aikata su sa takunkumi mai tace ƙura irin N95, da safar hannu da takalmin roba. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare komai. Ba cin goro, ba shan sigari, ba cin abinci a filin. Kayan aikin su tsaya a nan, a wanke su daban. Magidanci ya koma gida da rigar aiki ya ɗauki jaririnsa, ya kai masa abin da ake gudu.

Ina za a kai buhunan? Ba kududdufi ba, ba bola ba, kuma kada ka kuskura ka bai wa mai tipa ya ce zai yi ciko da su. Irin wannan ƙasar ce ke komawa tubali da yaɓe. Ka je hukumar kare muhalli ta jiha su nuna wurin binnewa nesa da rijiya da gona. Zirga-zirgar na da gajiyarwa, amma a yi ta.

Sauran mai sauƙi ne. Shimfiɗa jar ƙasa mai tsabta daga wurin da ka sani, ta kai aƙalla taƙi ɗaya, a daddaɓe. Tsakar gida kuwa a yi mata siminti. Idan kuɗin haƙa ya gagara gaba ɗaya, simintin kaɗai ya fi barin wurin a buɗe, muddin za a riƙa liƙe tsagewa. Masu cewa a shuka wasu tsirrai su zuƙe gubar, ga dalma wannan aikin shekaru ne masu yawa, ban ba da shawara ba. Alayyafo da latas a shuka su cikin buhu da ƙasar waje. Rijiyar da ke filin a auna ruwanta kafin a sha.

Yaran da suka taɓa wasa a wurin a kai su asibiti a nemi gwajin dalma a jini, ko da ba su nuna alama ba. A Zamfara, a wancan lokacin, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba sa son fara ba da maganin fitar da dalma sai an tsabtace gidan yaro, domin in ya koma cikin ƙurar aikin ya zama na banza. Bayan damina ɗaya, a sake ɗebo samfur daga bakin ƙofa da gindin katanga.