Yadda mai sabon ciki za ta kare kanta daga abubuwan da ke jawo ɓari a zaman Legas

Kafin komai 'yar uwa, in kin taɓa yin ɓari kar ki ɗora wa kanki laifi. Kusan rabin ɓarin da ake yi a wata ukun farko daga halittar ɗan tayin ne tun farko, ba don kin ɗauki bokitin ruwa ba, ba don kin hau okada ba. Amma akwai abubuwan da muke shaƙa muke shafawa kullum a gidajen hayarmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 waɗanda suke ƙara haɗarin, su kam da ikon Allah za mu iya ragewa.

Fara da janareto. Wallahi shi ya fi damuna, saboda a gidan da na zauna in an ɗauke wuta kowa sai ya jawo nashi ya ajiye a baranda dab da tagar maƙwabci, hayaƙin na shigowa ɗaki kina kwance kina jin kanki na sarawa ki ɗauka laulayi ne. Abin da ke cikin hayaƙin ana ce masa carbon monoxide, ba shi da wari ba shi da kala, yana shiga jini ya tare wa iskar numfashi hanya, ɗan da ke cikinki kuma daga jininki yake samun tashi iskar. Ki sa maigida ya yi magana da mutanen gida a mayar da shi waje can nesa da taga, bakin salansa ya kalli wani gefen. Ko ruwan sama ake kar a taɓa shigo da shi ɗaki ko lungu. Gawayi ma haka, ki hura a fili, kar ki kulle ƙofa da kurfoti a ciki.

Sai maganin sauro. Sniper da ota-piapia da ake yayyafawa a ƙarƙashin gado, sinadarin dichlorvos ne, na gona ne ba na ɗakin kwana ba. Ki rabu da su gaba ɗaya. To amma sauron Legas ba a barinsa haka, don zazzaɓin maleriya da kansa yana zubar da ciki, sai ki koma gidan sauro mai magani, ana yawan rabawa a wurin awo. Jikinki ya yi zafi ki je a gwada jini ranar, ban da sayen ƙwaya a kemis da ka.

Yanzu maganar da wasu ba sa son ji, man bilicin. Da yawa daga cikin waɗanda ake haɗawa a roba ba suna ba lambar NAFDAC akwai wani sinadari mai guba da ake ce wa mercury a ciki, yana ratsa fata ya kai ga mahaifa. Ajiye shi tun kina neman cikin. Kwalli ma na dutse sau da yawa akwai dalma a ciki, gubar nan da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba abin wasa ba ce. In mijinki aikin batir yake ko fenti ko bola jari, musamman masu ƙona waya a cire jan ƙarfe, ya riƙa cire kayan aikin a waje ya yi wanka kafin ya shigo, kuma kar ke ki wanke su.

Sigari da shisha, ko ba ke ke sha ba, a fita da su waje. Goro da kofi ki rage. Agbo, jiƙon maganin gargajiyar nan da ake yawo da shi a gorori da sauran haɗe-haɗen da ba ki san me ke ciki ba, ki haƙura da su duk wanda ya ba ki, ko da uwar miji ce ki karɓa da ladabi ki ajiye.

Ki fara awo da wuri, kar ki ce sai ciki ya fito kamar yadda muka saba. Kuma in kika ga jini, ko mara na murɗawa, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya da jiri, kar ki jira gari ya waye, wani lokacin ciki ne ya zauna a wajen mahaifa kuma yana iya kisa. A nemi Keke ko mota a kai ki asibiti, in babu a kira lambar taimakon gaggawa, 112 ko 767.