Tankin Murjani: Kurakuran da Ake Yi Idan An Ɗora Tsohuwar Shawara a Kan Sabon Kayan Aiki

Wanda ya fara kiwon murjanin teku a tankin gilashi yau, shawarar zamani uku yake sha a lokaci guda. Wani ya koyi aikin a zamanin matatar ƙarƙashin tsakuwa, wani a zamanin fitilar metal-halaid, wani kuma da LED ya buɗe ido. Kowannensu gaskiya yake faɗa a kan kayan da ya sani. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka ɗauki maganar da aka yi domin kaya marasa ƙarfi aka ɗora ta a kan kayan yanzu. A da, dattin ruwa da ƙarancin haske ke kashe murjani. Yanzu sau da yawa yunwa ce ke kashe shi a ruwan da aka tace fiye da kima, ko kuma haske ya ƙona shi.

A shekarun 1960 da 1970 yawancin tankunan ruwan gishiri na kifi ne kawai, ana ƙawata su da farin ƙashin mataccen murjani. Tun a farkon shekarun 1960 Lee Chin Eng ya nuna a Jakarta cewa dutsen teku mai rai (wato mai ɗauke da bakteriya da ƙananan halittu), hasken rana da ɗan kumfar iska suna iya riƙe tanki, amma aka daɗe ba a bi sahunsa ba. A shekarun 1980 matatar da ruwa ke ɗiga a kan ƙwallayen roba ta yaɗu. A Jamus kuma tsarin Berlin ya kankama: dutse mai rai, na'urar kumfa mai kwashe datti, haske mai ƙarfi, da ruwan Kalkwasser, wato ruwan farar ƙasa mai ƙara kalsiyam. A can ne Dietrich Stüber ya raini murjanin Acropora har ya yi girma a tanki, abin da mutane da yawa suka ɗauka ba zai yiwu ba.

Haske

Nan ne aka fi tafka kuskure. Da fitilun metal-halaid masu wat 150, 250 ko 400, da dogayen fitilun T5, ana lissafi ne da wat, kuma ido yana iya gane fitila mai ƙarfi. LED ta rushe wannan lissafin. Shuɗin haskenta a idon mutum kamar dushi-dushi yake, alhali shi ne murjani ya fi amfani da shi. Sai mai tanki ya ga kamar duhu, ya murɗa fitila zuwa kashi 100. Bayan mako ɗaya ko biyu murjanin da ke saman dutse ya fara ɗashewa daga ɓangaren da ke kallon sama, ƙasansa na nan da launinsa. Abin da ya faru shi ne ya kori ƙananan gansakukan da ke zaune cikin tsokarsa, waɗanda su ne ke ba shi abinci da launi.

Gyaran shi ne a auna haske da mitar PAR, na'urar auna hasken da murjani ke amfani da shi, ko da aro ne, a daidai wurin da murjanin zai zauna. Murjani mai laushi yana wadatuwa da 50 zuwa 150. Masu tauri irin su Acropora suna son 200 zuwa 350. Idan babu mita, fara da kashi 30 zuwa 40 na ƙarfin fitilar, ka riƙa ƙara kashi 5 a mako, fitila na kunne awa 8 zuwa 10 a rana. Sabon murjani kuma a ajiye shi ƙasa a kan yashi tukuna, a riƙa hawa da shi sannu a hankali. Wanda ya riga ya yi fari bai mutu ba muddin akwai tsoka a jikinsa: rage haske, ba shi abinci, ka bar shi wuri guda na makonni.

Wata illa ta LED ita ce haskenta daga wuri ɗaya yake saukowa, sai rassan murjani su yi wa junansu inuwa, ƙasansu ya mutu. Fitila biyu matsakaita sun fi ɗaya mai ƙarfi. Masu T5 da metal-halaid kuwa su tuna ana canza ƙwai duk wata 9 zuwa 12, kuma sabon ƙwai ya fi tsohon ƙarfi, don haka a ɗaga fitilar sama na ɗan lokaci.

Tace ruwa har ya zama babu komai a ciki

Tsofaffin littattafai sun ce a kai naitiret da fosfet, sinadaran da ke taruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, sifili. Sun faɗi haka ne a lokacin da ƙwallayen roba ke mayar da amoniya naitiret da sauri ba tare da wata hanyar fitar da shi ba, kuma kusan babu mai iya kaiwa sifilin. Yau na'urar kumfa mai ƙarfi, garin ƙarfe mai tsotse fosfet da ake kira GFO, matatar takarda mai naɗe kanta da ɗiga ruwan tsami domin ciyar da bakteriya, idan suka haɗu, cikin makonni kaɗan za su kai ruwa sifili na gaske.

Alamomin ba sa ɓuya. Launin murjani ya koɗe, ya daina buɗewa. Sai wata majina ruwan kasa ta bayyana a kan yashi da dutse, da ƙananan kumfa maƙale a jikinta, ta ragu da dare, ta dawo da an kunna fitila. Wannan ita ce dainofilajelet, kuma wasu nau'o'inta suna da dafin da ke kashe dodon koɗi. Mai tanki yakan ɗauka datti ne, ya ƙara canjin ruwa da GFO, ya ƙara hura wutar matsalar.

A riƙe naitiret tsakanin 2 da 10 ppm (kashi cikin miliyan), fosfet tsakanin 0.03 da 0.1. Idan sun faɗi ƙasa, cire GFO, dakatar da ruwan tsami, kashe na'urar kumfa na wasu awanni a rana, ƙara abincin kifi. Na'urar hasken UV tana taimakawa a kan nau'in da ke yawo cikin ruwa da dare. Idan kuma fosfet ya yi yawa, kada a sauke shi a rana ɗaya: fara da rabin adadin GFO da aka rubuta a jikin roba.

Dutse mai rai da busasshe

A da dutse daga teku yake zuwa, daga Fiji, Tonga ko Indunusiya, ɗauke da bakteriya, soso da ƙananan halittu bila adadin. Saboda takunkumin kare muhalli da tsoron ƙwari, yawanci yanzu da busasshen dutse ake farawa. Wannan ci gaba ne ga teku, amma busasshen dutse fanko ne. Maganar cewa tanki ya nuna bayan wata ɗaya domin dutse mai rai aka yi ta. Da busasshe, bakteriyar da ke cin amoniya kan kafu cikin mako 4 zuwa 6, amma tankin zai shafe watanni yana fama da gansakuka iri-iri kafin ya daidaita. Murjani mai wuya ya jira wata 6 ko fiye. Ɗan guntun dutse mai rai mai tsabta daga tsohon tanki yana rage jiran.

Kuma a daina jefa kifi mai juriya domin kashinsa ya kafa bakteriyar da ke cin amoniya, azabtarwa ce kawai. Zuba amoniya ta kwalba zuwa 2 ppm, ka jira har amoniya da naitirait (abin da amoniya ke fara komawa kafin ta zama naitiret) su koma sifili cikin awa 24.

Alkaliniti da famfon ɗiga magani

Murjani mai tauri yana gina ƙashinsa da kalsiyam da kabonet. A riƙe kalsiyam 400 zuwa 450 ppm, magneziyam 1250 zuwa 1350, alkaliniti (ma'aunin kabonet ɗin da ke cikin ruwa) 7 zuwa 9 dKH. Da can da hannu ake zubawa. Yanzu famfon ɗiga yana bin umarni dare da rana, ko umarnin daidai ne ko kuskure. Kada ka kwafi adadin wani. Auna alkaliniti a lokaci guda kwana uku a jere ba tare da zuba komai ba, bambancin da ke tsakanin rana da rana shi ne abin da tankinka ke ci a rana. Shi za ka raba gida-gida a cikin awa 24. Tsallen alkaliniti ya fi lambarsa illa: kada ya motsa fiye da 1 dKH a rana. Alkaliniti mai yawa a ruwan da babu naitiret yana ƙona kan rassan Acropora.

Kada a zuba ruwan kalsiyam da na alkaliniti wuri guda a lokaci guda, za su haɗu su zama farin gari. Idan sun ƙi hawa duk yadda aka zuba, duba magneziyam. Kalkwasser kuwa pH ɗinsa ya haura 12, ɗigo-ɗigo ake sa shi. Gwajin ruwa na ICP da ake aikawa ɗakin bincike yana da amfani wajen gano ƙarfe mai guba, amma ba dalili ba ne na sayen kwalba goma domin gyara kowace lamba.

Sauran ƙananan da ke jawo babbar asara

Gishiri ya zauna a 35 ppt (kashi cikin dubu), wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Tsohon ma'auni mai allurar roba yana ƙarya idan kumfa ta maƙale masa. Rifraktomita, na'urar da ke auna gishiri da haske, ya fi shi, amma a daidaita shi da ruwan gwaji na 35 ppt. Ruwan da ya ƙafe gishirinsa na nan a tanki, don haka da tsabtataccen ruwan RO/DI, wanda aka tace gishiri da ma'adanai daga cikinsa, ake cikawa.

Famfunan yanzu irin na Tunze da EcoTech suna juya ruwan tanki sau 20 zuwa 50 a awa. Kada a saita bakinsu kai tsaye kan murjani, tsoka za ta saɓule. A harba su su yi karo da juna ko da gilashi.

Zafi 24 zuwa 26 a ma'aunin Salsiyas. Hita takan lalace tana kunne, don haka ƙanana biyu a kan na'urar kula da zafi sun fi babba ɗaya. Mai tankin ƙasa, wato tankin tacewa da ke ƙarƙashin babban tanki, ya huda ƙaramin rami a bututun mayar da ruwa, dab da ƙarƙashin saman ruwa, sannan ya kashe wuta da gangan ya ga ko tankin ƙasan zai ɗauke abin da ya sauko.

Rigakafi ya fi magani: sabon kifi ya yi mako huɗu a tankin killacewa. Maganin da ke ɗauke da jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande, kuma dutse yana shanye shi, don haka ba ya shiga babban tanki ko sau ɗaya. Idan cutar farin ɗigo ta riga ta shiga, a kwashe kifin duka a yi musu magani a waje, a bar tankin babu kifi kimanin kwana 76.

Tsohuwar ɗabi'ar tafasa dutse domin kashe ƙwari kuwa a bar ta kwata-kwata. Murjanin Palythoa da wasu danginsa suna ɗauke da dafin palitoksin, tururinsa ya sha kwantar da mutanen gida guda a asibiti. Sa safar hannu da gilashin kare ido duk lokacin da za ka yanka su ko ka kankare dutsen da suke kai, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama.