Ayalan: baƙo ma yana da ƙuri'a

Wata rana da yamma, ana yayyafi, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Na buɗe sai ga wata dattijuwa riƙe da laima, ta miƙo mini takarda mai hotonta, ta ce kujerar kansila take nema, in taimaka in ba ta lamba ɗaya. Na ce mata ni baƙo ne, ba ni da fasfon ƙasar nan. Ta ce ba fasfo ta tambaya ba, sunana yana cikin rajistar masu zaɓe? Ba ya ciki. Shekarata uku a Ayalan (Ireland) a lokacin, ba wanda ya taɓa faɗa mini. Shi ya sa yanzu duk ɗan'uwan da ya sauka, ina nuna masa masallaci da shagon naman halal, sai in kawo masa wannan magana.

A ƙasar nan, duk wanda ya kai shekara 18 kuma a nan yake zaune yana da damar zaɓen kansilolin yankinsa. Ɗalibi, ma'aikaciyar jinya, direban tasi, har wanda yake jiran a duba takardarsa ta neman mafaka, duk ɗaya ne. Ƙananan hukumomi 31 ne, kansiloli 949, ana zaɓensu duk shekara biyar. An yi na ƙarshe a watan Yunin 2024, saura na 2029. Kada ku raina wannan kujera. Jerin masu jiran gidan gwamnati a hannun ƙaramar hukuma yake, haka titunan unguwa, ɗakunan karatu, filayen wasan yara da maƙabartu da dama. In al'ummarmu ta so mayar da wani gini masallaci ko islamiyya, can za ta nemi izini. Ranar da wannan buƙata ta taso, kansila zai so ya san ko mutanen da suka cika masa ofis masu ƙuri'a ne.

Kuma ba zaɓe kaɗai ba, baƙo yana iya tsayawa takara. Rotimi Adebari daga Najeriya ya zo neman mafaka a 2000, aka zaɓe shi kansila a garin Portlaoise a 2004, ya zama magajin garin a 2007, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a ƙasar. Sai dai ku sani, a yawancin wurare magajin gari a nan kansiloli ne suke ɗaga ɗaya daga cikinsu na shekara guda, ya shugabanci zama, ya halarci bukukuwa. Aikin yau da kullum yana hannun babban jami'in da aka ɗauka aiki.

Babu jihohi, babu gwamnoni. Ƙasa ce mai mutum miliyan biyar da 'yan kai, Kano kaɗai ta fi ta jama'a nesa ba kusa ba. Daga ƙaramar hukuma sai gwamnatin Dublin. Gundumomi shida na arewacin tsibirin kuwa suna ƙarƙashin Birtaniya, da kuɗinsu daban da dokar shige da ficensu daban. Ba za ka ga shinge a hanyar Belfast, babban birnin arewacin, ba, amma takardar zamanka ta nan ba ta ba ka izinin shiga can ba. A kiyaye wannan sosai.

Wanda ya san tarihin Jamhuriya ta Farko a Najeriya zai gane tsarin da wuri: Azikiwe shugaban ƙasa, mulki a hannun Tafawa Ɓalewa. Haka yake a nan. Jama'a suna zaɓen shugaban ƙasa na shekara bakwai, sau biyu iyaka, yana sa hannu a kan dokoki, yana iya tura wata dokar kotun ƙoli a duba ta, amma ba ya tsara kasafin kuɗi, ba ya zaɓen ministoci. Mai mulki shi ne firaminista, wanda suke kira Taoiseach, ana furta shi kamar "Tishak". Majalisar wakilai, Dáil, ita take fitar da shi daga cikin mambobinta 174, kuma in ta janye masa goyon baya ya sauka. Akwai majalisar dattawa mai mutum 60, ƙarfinta kaɗan ne, jinkirta doka take iyawa, ba hanawa ba.

Manyan jam'iyyu uku ne: Fianna Fáil, Fine Gael da Sinn Féin. Biyun farko daga yaƙin basasar 1922 zuwa 1923 suka samo asali, sun shafe kusan ƙarni suna adawa da juna, sai a 2020 suka kafa gwamnati tare, har suka yi karɓa-karɓar kujerar firaminista. An daɗe rabon da jam'iyya ɗaya ta ci rinjaye ita kaɗai, don haka in kun ji an yi zaɓe an shafe makonni ba gwamnati, ciniki ake yi, ba rikici ba ne.

Takardar ƙuri'ar ita ce abin da ya fi ba ni sha'awa. Doguwa ce, da hoton kowane ɗan takara da tambarin jam'iyyarsa. Ba dangwala yatsa ake yi ba. Fensir za ka ɗauka, ka rubuta 1 a gaban wanda ka fi so, 2 a gaban mai bi masa, 3, har inda ka ga dama ka tsaya. Kowace mazaɓa kujeru da yawa gare ta. A ce kujera huɗu ce, ƙuri'u dubu goma: duk wanda ya kai 2,001 ya ci. In gwaninka ya zo na ƙarshe aka cire shi, ƙuri'arka ba ta mutu ba, sai ta koma kan wanda ka ba lamba 2. In kuma ya ci har ya yi rara, ana raba rarar ga na biye. Da hannu ake ƙirgawa, a babban zaure, wakilan 'yan takara jingine da shinge suna kallon kowace takarda, wani lokaci kwana biyu ko uku. Sau da yawa kujerar ƙarshe da 'yan ƙuri'u kaɗan ake cinta. Wannan ne dalilin da dattijuwar nan ta tako ƙofata cikin ruwa, kuma shi ne dalilin da gidaje talatin na 'yan'uwa a unguwa ɗaya suke da nauyi in sun yi rajista.

Ɗan majalisar wakilai, TD suke ce masa, baƙo ba ya zaɓensa sai ya zama ɗan ƙasa, in ban da 'yan Birtaniya. Duk da haka ƙofarsa a buɗe take gare ka. Yawancinsu suna da ofis a mazaɓa da ranakun ganin jama'a, wani a ɗakin taron unguwa, wani a otal. Ba dogari, ba sai ka bi ta hannun wani ba. In takardarka ta daɗe a wata ma'aikata, zai iya rubuta wa minista ya tambaya. Ba zai karya maka doka ba, kuma kada ka kai masa komai, ko da sunan goro. Ka tafi da takardunka a jere da bayani gajere.

Tsarin mulkinsu na 1937 ba a taɓa shi sai an tambayi jama'a, kuma 'yan ƙasa kaɗai ake tambaya. Ta wannan hanya aka halatta auren jinsi a 2015 da zubar da ciki a 2018, abubuwan da za ku tarar sun saɓa wa tarbiyyarmu, gara ku sani tun yanzu saboda 'ya'yanku za su ji su a makaranta. Ƙuri'ar raba gardamar da ta fi shafarmu kai tsaye ita ce ta 2004. Tun daga 1 ga Janairun 2005, haihuwa a Ayalan kaɗai ba ta sa jariri ya zama ɗan ƙasa. Ga yawancin baƙi, sai in ɗaya daga cikin iyaye ya yi shekara uku cikin huɗun da suka gabata yana zaune bisa ƙa'ida, kuma zaman karatu ko na jiran mafaka ba ya shiga lissafi. Har yanzu ina jin masu zuwa da tsohon labari, abin yana damuna, don na ga iyalin da suka gina shirinsu a kansa.

Rajistar kuwa ba ta cin minti goma. Ka shiga checktheregister.ie da lambar PPS ɗinka, wato lambar da gwamnati ta ba ka ta haraji da tallafi, da lambar gidanka ta Eircode, ka cike. In ka sauya gida ka koma ka gyara adireshi, domin can za a aiko maka da katin da ke nuna rumfarka, galibi makarantar firamaren unguwa. In wani abu ya shige maka duhu, ofisoshin Citizens Information suna bayani kyauta.