Yadda za ka shiga gwajin zaɓen 'yan wasan kwaikwayo na kakar bana

Tun da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta fitar da jerin wasannin da za ta ɗora a dandamali bana, tambaya ɗaya ake ta yi mini: yaya ake samun shiga? To, ga shi.

1. Duba jerin, ka ware wasannin magana zalla da masu waƙa da rawa.
2. Zaɓi ɗaya, ko biyu in ka matsa.
3. Karɓi rubutun wasan a wurin sakatare.
4. Karanta shi har ƙarshe.
5. Gwada ranakun rihazal (wato atisayen wasan) da lokutan aikinka.

Hattara! Nan ake yawan yin tuntuɓe. Mutum ya ci gwaji, a ba shi babban matsayi, sati biyu ya ɓace wai aiki ya riƙe shi. In akwai ranar da ba za ka samu zuwa ba, faɗa tun yanzu.

6. Rubuta sunanka da lambar wayarka.
7. Haddace magana ta minti ɗaya zuwa biyu.
8. In wasa mai waƙa ka zaɓa, shirya baiti ɗaya da amshinsa, wanda muryarka ke kaiwa ba tare da ka shaƙe ba.
9. Tsayar da wani a ƙarshen ɗaki, ka yi masa. In bai ji ka ba, na kujerar baya ma ba zai ji ba.
10. Ranar gwaji, iso da minti 20 kafin lokaci.
11. In magana ta ɓace maka, ja numfashi ka ɗora daga inda ka tuna. Ban da dariyar kunya, darakta na kallon yadda za ka farfaɗo.