Kurakuran da masu doguwar tafiya a babur suke yi wajen neman wurin kwana

A makon jiya ƙanen wani abokina ya kira ni da ƙarfe tara da rabi na dare, muryarsa na rawa. Wai yana tsaye a bakin wani gidan mai da aka riga aka rufe, can gaba da Kaltungo, fitilar babur ɗinsa ta fara dishi-dishi, ko na san inda zai kwana? Kafin ya bar Kano ya zo wurina har sau biyu. Ya tambaye ni wane baƙin mai zai zuba, wace taya ce ke jure zafin kwalta, wace jaka zai ɗaure a baya. Maganar makwanci ko da wasa bai tayar ba, ni kuma da na tayar sai ya ce, "Yaya, ai wannan mai sauƙi ne, duk inda dare ya yi sai a nema." To ga dare ya yi. Shi ne mutum na uku a bana da ya yi mini irin wannan kira, shi ya sa na ce bari in rubuta in huta da maimaitawa.

Babban kuskuren shi ne wannan "duk inda dare ya yi" ɗin. Mutum zai buɗe taswira a waya, ta ce masa Kano zuwa Bauchi ta Birnin Kudu da Ningi awa huɗu da wani abu ne, sai ya ɗora lissafinsa a kai. Lissafin mota ne wannan. Kilomita wajen 300 a kan Boxer mai ɗauke da kaya, ga iska a ƙirji, ga tsayawar shan mai da sallah da miƙe baya, ga shingayen bincike inda mai babur ya fi kowa daɗewa, in ka yi shi a awa shida ka yi ƙoƙari. Ranar farko ma da dama-dama. Rana ta biyu kafaɗa ta yi tsami, mazaunai sun gaji, gudun da ka yi jiya ba za ka iya shi yau ba.

Ni ƙa'idata La'asar ce. Garin da na yi sallar La'asar a cikinsa, ko wanda ke gabansa in bai wuce tafiyar awa ɗaya ba, nan zan kwana. Abokan tafiyata suna yi mini tsiya, wai ina zubar da awa biyu na hasken rana a banza. Su yi ta yi. Awa biyun nan su ne nake zagaya masauki biyu ko uku da su, in ga ɗaki da idona, in yi ciniki, in nemi bakanike ya ɗaure mini cen in ya saki. Wanda ya iso bayan Isha'i ba ya ciniki. Yaron da ke karɓar baƙi yana ganin ƙura a girarka da jan idonka ya san ba inda za ka, kuɗin da ya faɗa shi za ka biya, ɗakin da ya ga dama shi zai ba ka.

Kuma dare a kan babur a Arewa ba ramuka da fitilun tireloli da shanun da ke tsallaka hanya ne kaɗai matsalarsa ba. Babur da kansa ya zama abin zargi. Tun 2011 aka hana hawansa a cikin Maiduguri. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, Kano ta hana acaɓa. A 2021 Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna duk sun kafa dokokin taƙaita zirga-zirgar babura, wasu na dare, wasu a wasu ƙananan hukumomi. Irin waɗannan dokoki ana sassauta su, ana kuma dawo da su, saboda haka kafin ka sa wani gari a lissafin kwananka, kira wanda ke zaune a can ka ji ko babur yana shiga, kuma zuwa ƙarfe nawa. Akwai hanyoyin da jami'an tsaro ke rufewa da yamma. Kowa ya tuna Auno a Fabrairun 2020: matafiya sun iso an rufe hanyar shiga Maiduguri, suka kwana cikin motocinsu a bakin titi, aka far musu da dare, aka kashe mutum 30 ko fiye. Allah ya jiƙansu. Su a mota suke. Kai da ba ka da ko gilashin da za ka ɗaga fa?

Masu zuwa Gembu, a saman tsaunin Mambila a jihar Taraba, su ne suka fi ba ni haushi a wannan fanni. Sai mutum ya baro Jalingo da hantsi, ya bi Garba Chede, ya wuce Bali, ya iso Serti da yamma, zuciya ta ce masa ai Gembu ta kusa. Daga Mayo Selbe hawan dutse ne mai kwana-kwana, ga hazo yana sauka, ga manyan motoci suna gangarowa da burkin da Allah kaɗai ya san lafiyarsa. Ka kwana a Serti. Dutsen yana nan da safe, kuma da safe ne ma za ka ga abin da ya kawo ka.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya ci mini babur sukutum, don haka ku yi haƙuri in na ɗaga murya. Mutane suna shiga masauki su danna katifa, su kunna fanka, su leƙa banɗaki, su biya, sannan su tambaya, "Ina zan ajiye mashin?" A juye ake yi. Wurin kwanan babur ake fara gani, in bai yi ba ko ɗakin ba sai ka duba ba.

Shekarun baya, a wani gari tsakanin Gombe da Numan, ruwa ya tsare ni a hanya har na iso bayan Isha'i, jiƙe sharkaf. Na faɗa masaukin farko da na gani da fitila a bakin titi. Yaron wurin ya nuna mini gindin wata bishiyar darbejiya a tsakar gida, kusa da motoci biyu, ya ce, "Oga, bar shi nan, akwai maigadi." Na murɗa makullin wuya, na kwashe jakata, na shiga na kwanta kamar gawa. Da asuba na fito da buta, sai na tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasa da sawun taya ɗaya a cikin laka, ya nufi wata 'yar ƙofar langa-langa a bayan gidan wadda ban gani ba da dare. Sawun taya ɗaya, domin ɗaga gaban suka yi suka tura shi a kan ta baya. Na sami maigadin, dattijo, a kan benci da bargo. Na ce, "Baba, ina babur ɗina?" Ya dube ni da tausayi na gaskiya ya ce, "Wallahi ɗana, ni babbar ƙofa aka ba ni. Ta baya masu girki ne ke bi." Mai wurin da ya iso bai ce komai ba, yatsa kawai ya nuna mini: wani rubutu da Turanci a jikin bango, fenti ya koɗe, cewa duk wanda ya ajiye abin hawa shi ke da alhakin kayansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, rasit ɗin sayen babur da sauran takardunsa suna cikin murfin gefe, na naɗe su a leda don kada ruwa ya taɓa su. Na ba ɓarawo babur, na haɗa masa da shaidar mallaka. A motar haya na koma Kano, hular kwano a cinya, kowa a motar yana satar kallona.

Tun daga ranar, babur ɗina a ɗaki yake kwana tare da ni. Ina neman ɗakin ƙasa mai faɗin ƙofa, in faɗa musu tun kafin in ciro kuɗi. Wasu su ƙi, sai in yi gaba. Da yawa suna yarda in ka nuna musu kwalin da za ka shimfiɗa a ƙarƙashin inji. Sai dai a bar inji ya huce a waje tukuna, a rufe makunnin mai, a bar taga a buɗe, kuma kada a kuskura a tayar da shi a cikin ɗaki. In ɗaki ya gagara, to baranda a jikin tagata, da sarƙa mai kauri ta ratsa tayar baya da firam ta zagaye ginshiƙi ko ƙarfen taga. Makullin wuya kaɗai wasan yara ne. Babur irin namu kilo 100 ne da 'yan kai, ƙarti biyu sun ɗaga shi sun jefa a bayan a-kori-kura kafin ka juya a kan katifa. Akwai masu cewa na'urar bin sawu ta wadatar. Ina da ita, ban raina ta ba, amma sai da sabis take magana, kuma sanin inda babur ɗinka yake a cikin daji daban, karɓo shi daban. Takardu kuwa a jikina suke kwana, hotonsu yana cikin waya.

Sannan a gaida maigadi. Ba a wuce shi kamar turke. Ina zama da shi minti biyar, in tambayi sunansa, in aika a kawo mana shayi da burodi, in tambaye shi ƙofa nawa gidan yake da su da wanda ke riƙe da makullansu. A hirar nan za ka ji abin da yaron karɓar baƙi ba zai faɗa maka ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma, ko ba a ɗauke babur ba ana zare tiyo a tsiyaye tanki, saboda haka na daina cika tanki da yamma in zai kwana a waje. Da safe nake sha.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna hana barci. Kada ka biya kafin ka ga ainihin ɗakin da za a ba ka, hoton intanet na ranar da aka buɗe wurin ne. Ɗaga zanin gado ka haska ɗinkin katifa da fitilar waya, in ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe kuɗin cizo ne, kuma zai bi jakarka har gida. Murɗa famfo, in babu ruwa a kawo bokiti tun kana tsaye. Tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareto kafin ka biya kuɗin ɗaki mai na'urar sanyi, don na sha biyan kuɗin sanyi in kwana ina fifita da kwali. Ɗakin da tagarsa ke kallon janareto kuwa ko kyauta ne kada ka karɓa, hayaƙinsa yana kashe mutane a cikin barci, haka ma gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa saboda sanyin Gembu ko Nguroje. Ka nemi ƙarin bargo. Gidan sauro naka ka taho da shi, bai fi girman burodi ba in an naɗe.

Masauki mai arha ƙwarai a bayan tasha, wanda ake haya da awa, ka san irin baƙinsa. Ko kiɗa bai hana ka barci ba, samame zai iya tashinka da ƙarfe biyu, kana baƙo da babur mai lambar wata jiha, sai ka yi bayani har ka gaji. Daren jajibirin kasuwa ma a lura da shi: Laraba da dare a Maigatari, ko Alhamis da dare a Wudil, fatake sun cika ko'ina. Ka riƙe tsabar kuɗin kwana ɗaya a wani aljihu daban, wanda ya yi tafiya a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi ya san yadda tiransifa ke maƙalewa a daidai lokacin da ake buƙatarta. Kuma a teburin mai shayi, in aka tambaye ka ina za ka da ƙarfe nawa za ka tashi, amsar ita ce "sai yadda ta yiwu".

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su biya kuɗin ɗakuna na kwana huɗu tun daga gida. Sai taya ta yi faci a Alkaleri, awa biyu ta tafi, mutum ya ƙi tsayawa a Gombe saboda ya riga ya biya a Yola. Kuɗin ɗakin nan ne zai ja shi cikin dare. Ni lambobin waya nake tarawa, biyu a garin da nake nufi, ɗaya a garin da ke kafin shi, in kira da Azahar in na ga yadda ranar take tafiya.

In kuwa ƙauye ne babu masauki, kada ka lallaɓa ka shimfiɗa tabarma a bayan makaranta ko a barandar masallaci ba da sanin kowa ba. Da can baƙo yana da zango, fatake suna da fatoma mai saukar da su ya adana musu kaya, zauren mai gari kuma a buɗe yake. Yanzu masallatai da yawa ana kulle su bayan Isha'i, 'yan banga kuma in suka ga baƙon babur a duhu ba za su fara da tambaya ba. Ka isa da sauran rana, ka nemi mai unguwa ko dagaci, ka yi sallama, ka faɗi sunanka da garinku da inda za ka, ka nuna katin shaida tun ba a nema ba. Ban taɓa yin haka aka kore ni ba. Sau ɗaya ma a wani ƙauye a ƙasar Ningi, babur ɗina a ɗakin buhunan gero ya kwana, ni a zaure, da safe aka kawo mini kunu da ƙosai. Goro da sukari da nake ɗauka a jaka saboda irin wannan ranar ne. Gidan dangi ko abokin aboki shi ma alheri ne, sai dai ka sa a ranka za a yi hira har sha biyu, kuma ba za a sake ka da safe ba sai ka karya.

Na ƙarshe, wanda har yanzu yakan kama ni in na yi sakaci: tun da dare ka tambayi wa ke buɗe ƙofa da asuba. Ka shirya tsaf ƙarfe biyar da rabi don ka ci sanyin safiya, ka ɗaure kaya, ka turo babur, sai ka tarar da ƙaton kwaɗo a get, mai makullin ya tafi masallacin unguwarsu, daga can kuma ya zarce gida karyawa. A Jalingo na taɓa zama a kan babur har bakwai da kwata ina kallon rana tana hawa ta saman katanga.