Yadda gida zai tsaya wa mai otizim har ya riƙe kuɗin kanshi

Mai lalurar otizim, wadda ake kira galahanga a rediyo, wato lalurar da ke shafar yadda mutum ke magana da hulɗa da mutane tun yana ƙarami, ba zai zauna yaro har abada ba, zai kai shekara 25 ya kai 40, kuma Baba da Inna ba dawwama za su yi ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, toh a Katsina da Daura ba gida ɗaya ba ne ba biyu ba. Akwai wanda sai an kula da shi iya rayuwarshi, gaskiya ne, amma da yawansu wlh za su iya ci da kansu in gida ya tsaya masu. Gidan masu hali sai su ɓoye shi don kunya, gidan marasa hali wasu su tura shi bara, duka biyun an kashe mashi gaba.

Ku fara da asibiti. Asibitin Koyarwa na Tarayya na nan cikin Katsina, in an tura ku na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna ku daure ku je, ku karɓi takardar likita ku adana. Addu'a ba a barin ta, amma otizim ba aljanu ba ne ba sammu ba, kuma ba shi da maganin sha da ke warkar da shi, duk wanda ya ce a kawo rago da dubu ɗari zai cire shi, jarin yaron ne yake shirin cinyewa.

Daga nan sai sana'a. A da ɗan maƙera a maƙera yake tashi, ɗan dukawa gefen babanshi yake zama yana kallo har hannunshi ya faɗa, ba intabiyu ba cike fom, ko ba ya son magana gandu ya rufa mashi asiri. Yanzu an watse, kowa da ɗan gidanshi, gona an raba, aiki kuma sai mai baki da iya shiga mutane. Amma zamanin nan ya zo da nashi ƙofofin: gyaran waya, buga takardu a kwamfuta, ɗinkin zamani, saida kaya ta WhatsApp wanda ba sai ka haɗa ido da kwastoma ba. Ku zuba ido ku ga me ke ɗauke mashi hankali. Wanda ke kwance rediyo ya jera sukurori a kan tabarma daga ƙarami zuwa babba, kada a doke shi, a kai shi wurin mai gyara. Wanda ke wuni a garke ya san wace tunkiya ce ba ta ci dusa ba yau, a sai mashi tashi. Temple Grandin ta Amurka mai otizim ce, son shanu ne ya kai ta har ta zama farfesa a fannin dabbobi.

Ogan da za ku kai ma wa ku zaɓi mai haƙuri ko da shagonshi ƙarami ne, ku zauna da shi ku faɗa mashi gaskiya. Ya riƙa ba da aiki ɗaya bayan ɗaya da magana a fili, ban da habaici ban da tsawa, ya zaunar da shi nesa da janareto don ƙara na gigita da yawansu, in za a canza lokacin buɗe shago a gaya mashi tun jiya. Ciniki irin namu na "albarka, ƙara dai" yana ba su wahala sosai, saboda haka ku rubuta farashi a kwali ku manna, ku rubuta ba bashi a ƙasa, don yawancinsu ba su iya hana mutum ba kuma in an ce gobe zan kawo sun yarda ke nan.

Sai akawun. Ku yi mashi NIN da BVN, a buɗe da sunanshi ba da sunan yayanshi ba. Tun wahalar takardun naira ta farkon 2023 kowa ya koma taransifa, hakan ya yi masu daɗi don ba lissafin canji, amma 'yan damfara ma sun samu hanya. Ku maimaita mashi har ya zauna: ba ya miƙa kaya sai ya ga kuɗi sun shigo a wayarshi shi, ba hoton rasit a wayar kwastoma ba, kuma banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri. Akawun biyu ya fi, ɗaya na cefane da kati a hannunshi, ɗaya na ajiya marar kati.

Maganar gado ita ta fi damuna. Kason shi cikakke ne, lalura ba ta rage ko sisi. Suratun Nisa'i aya ta 5 da ta 6 sun nuna hanya, a riƙe dukiyar wanda bai iya juya ta ba ana ciyar da shi ana tufatar da shi daga ciki, maraya kuma a jarraba shi, in an ga shiriya a miƙa mashi kayanshi gaban shaidu. Toh Baba, tun kana da rai ka zaɓi amintacce, a rubuta da shaidu, a fara gwada yaron da 5,000 kafin a kai ga 50,000. Mace ma haka, sadakinta nata ne, kada a aurar da ita don a huta, a fara ba ta keken ɗinki ko awaki da sunanta.

Wanda ya yi karatu kuma, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware masu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Duk sanda aka buɗe ɗaukar aiki ku zauna tare ku cike fom ɗin, ku haɗa da takardar likita, ranar intabiyu wani ya raka shi har bakin ofis.