Zafi da motsin ƙwayoyin zarra: kurakuran da ɗalibai suka ƙi dainawa

Duk shekarar da muka zo darasin yanayin abubuwa uku, wato daskararre da ruwa-ruwa da gas, amsoshi iri ɗaya ne ke dawowa a takardun gwaji. Na gaji da gyara su da jan biro, shi ya sa na tara su wuri ɗaya domin ɗalibanmu na Sakkwato, musamman masu shirin WAEC da NECO.

Na farko shi ne cewa ƙwayoyin zarra, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi kowane abu, suna kumbura idan abu ya ɗauki zafi. Ba sa kumbura. Girman ƙwaya ɗaya yana nan yadda yake, ko ƙarfen na da sanyi ko ya yi jawur a maƙera. Kuzarin motsi ne zafi ke ƙara musu. A cikin daskararre kowace ƙwaya tana karkarwa ne a gurbinta, in zafi ya ƙaru karkarwar ta tsananta, tazarar da ke tsakaninsu ta ɗan buɗe. Kamar yara ne a sahun taron safe: in suka fara mutsu-mutsu sahun ya ƙara tsawo, alhali babu yaron da ya yi ƙiba. Wannan buɗewar ce ke sa kwanon rufi yin ƙas-ƙas da tsakar rana. Ni dai a ajina, murfin biro ɗaya nake sa ɗalibi ya zana da'irori da shi a zanen sanyi da na zafi, don kada hannunsa ya ruɗe shi.

Na biyu, wato yin lissafin gas da ma'aunin Salshiyas, shi ne ya fi ƙona mini rai, domin ya taɓa fitar da mu daga wata gasar kacici-kacici ta makarantu bayan wahalar da muka sha muna karatun yamma. Tambayar ita ce: gas yana kan digiri 27 a ma'aunin Salshiyas, aka ɗumama shi zuwa 54 ba tare da matsinsa ya canza ba, me zai faru da girmansa? Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin ta miƙe da ƙwarin gwiwa ta ce zai ninka biyu. Ina zaune a baya na dafe kai. Amsar ita ce daga 300 zuwa 327 a ma'aunin Kelbin (wato Salshiyas a ƙara masa 273), ƙarin kashi 9 cikin 100 kacal.

Ku yi tunani mana! Da safiyar hunturu a garin nan zafi kan sauka zuwa 20, a watan Afrilu kuma ya haura 40. Da a ce matsin iska yana ninkuwa a kan wannan, wace tayar babur ce za ta tsira a Sakkwato? Daga 293 ne zuwa 313, wajen kashi 7 cikin 100. Sifilin Salshiyas wurin narkewar ƙanƙara ne kawai, ƙwayoyi na ta motsinsu a can. Ma'aunin da William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya gabatar a 1848 ya faro ne daga digiri 273.15 ƙasa da sifili, kuma da shi matsakaicin kuzarin motsin ƙwayoyin gas ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya zuba Salshiyas cikin dokar Charles, wadda ta haɗa girman gas da zafinsa, ya zubar da makinsa da hannunsa, kuma ba zan tausaya masa ba, don na sha faɗa. Dokata ita ce ka rubuta +273 a saman takarda kafin ma ka karanta tambayar.

Sai batun tafasa. Da yawanku kuna zana layin zafi yana ta hawa har bayan ruwa ya tafasa. Ku sa ma'auni a tukunya ku gani: zai tsaya cak a kusa da 100, a nan ma wajen 99 saboda mun ɗan fi gaɓar teku tudu. Ƙara wuta ba ya ɗaga shi, domin kuzarin yana tafiya ne wajen raba ƙwayoyin da juna su zama tururi. Kilo ɗaya na ruwa yana cin kimanin kilojul 420 na kuzari daga sifili zuwa tafasa, amma mayar da shi tururi yana cin 2,260. Shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni. Ku gaya wa masu girki a gida ma, in tukunya ta tafasa a rage gas, ƙara wuta asara ce kawai.

Sauran ƙanana ne. Ƙwayoyin ƙanƙara ba su tsaya ba, suna karkarwa. Ba duka ƙwayoyi ke gudu iri ɗaya ba, don haka kada ku manta da rubuta matsakaici. Ruwa ba sai ya tafasa yake bin iska ba: masu saurin cikinsu ne ke tserewa daga sama su bar marasa kuzari, abin da ke sanyaya ruwan randa kenan. Kada kuma ku ce komai yana tsukewa da sanyi, ruwa ya fi tsukewa a digiri 4, daga nan sai ya fara buɗewa, har kwalba ta fashe a firiza.

In an tambaye ku abin da masanin tsirrai Robert Brown ya gani a 1827, kada ku ce ƙwayoyin ruwa ya gani, madubinsa na ƙara girman abu bai isa ba. Ƙananan ɓurɓushi daga garin fure ya ga suna kai-komo a cikin ruwa, sai a 1905 Einstein ya yi lissafin da ya nuna ƙwayoyin ruwa ne ke bangazar su ta kowane ɓangare. Ku rubuta wanda ake bangaza da wanda ke bangazar, sannan ku ƙara da cewa motsin yana tsananta idan ruwan ya ɗumi.